Wanda Ya Riƙe Wa Alvin Ƙarfe

Magariba ce irin ta ƙarshen kakar alkama a yammacin Kansas, lokacin da iska ke kwantawa, gonaki su yi tsit har mutum ya ji kukan waya a kan turakun lantarki. Darlene Wasinger ta sauke tukunyar miyar wake da taliyar hannu, ta leƙa taga ta kira mijinta da 'yarta su zo a ci. Cokali na farko da Alvin ya kai baki, haƙorinsa ya gamu da wani abu mai tauri. Ya tofo a tafin hannu. 'Yar ƙusar alminiyom ce, irin wadda ake ɗinke jikin jirgin sama da ita.

Ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi.

Jirgin yana cikin rumfar kwano a bayan gida, kuma kowa a garinmu ya san shi. Alvin da ƙanensa Norbert ne suka yi odarsa gunduwa-gunduwa cikin akwatuna tun Jolene tana rarrafe, mai kujera biyu, na haɗawa da hannu. Suka yi shekaru suna harhaɗawa, sai rigima ta shiga tsakaninsu a kan wanda zai biya kuɗin inji, Norbert ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan 'yan makonni Alvin ma ya ja tamfol ya rufe. Tun daga nan jirgin ya zama abin tsokana. In aka ce wane zai biya bashi ranar da jirgin Alvin ya tashi, to a haƙura.

Da Alvin ya ajiye aiki a rumbun alkama, sai ya yaye tamfol ɗin. Ya zauna a teburin kicin da fensir yana lissafi: inji, farfela, agogunan gaban matuƙi, fenti, inshora. Injin kaɗai ya kai kuɗin sabuwar a-kori-kura. Darlene ta tuna masa rufin gida yana yoyo, ya yi kunnen uwar shegu. Don lissafin ya yi daidai da aljihunsa, sai ya yanke cewa duk abin da aka riga aka rufe a da ba za a buɗe ba. Tsofaffin masu haɗa jirgi na yankin sun faɗa masa aikin da ya daɗe a ajiye sai an bi shi ƙusa-ƙusa kafin a ɗora. Ya ce ya san hannunsa. Alvin mutumin kirki ne, amma in maƙo da taurin kai suka haɗu a mutum ɗaya, to sai addu'a.

Aikin ƙusa na mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da bindigar iska mai buga ƙusa, ɗaya yana cikin jirgin ya tokare bayan ƙusar da dunƙulen ƙarfe har ta baje. Ba sa ganin juna, ƙara kuma ba ta barin a ji magana, don haka da ƙwanƙwasa ake zance: ɗaya, ƙara bugawa, biyu, ta yi, uku, ta lalace, a cire. Kuma al'adarsu ce, wanda ya riƙe maka ƙarfe shi ne farkon wanda za ka ɗauka in jirgi ya tashi. Jolene, wadda ta dawo hutu daga makarantar aikin jinya, siririya ce, ita ke iya kutsawa ciki. Alvin ya yi mata alkawarin kujera ta biyu, ta yi ta murna kamar yarinya.

Bayan ƙusar cikin miya sai aka shiga jifa. Kullum rana ta faɗi, sai a ji ƙananan abubuwa suna sauka a kan kwanon rumfa, kaɗan-kaɗan kamar farkon ƙanƙara. Da safe a tarar da ƙusoshi warwatse a ƙasa. Alvin ya kulle su a akwati, ya sa makullin a aljihu, aka ci gaba da jifa. Kayan aikin da ya jera da yamma sai ya same su a cikin wutsiyar jirgin, can ƙurya inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji Alvin, kuma wadda ya fara zargi ita ce matarsa. Wa ke dafa miya? Wa ke son kuɗin inji su koma kan rufi? Bai faɗa ba, amma ya fara ƙirga mata shiga da fita, yana duba takalmanta ko da ƙurar rumfa. Darlene ta lura, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ita kuma ta fara zargin ko kan mijinta ne ya fara taɓuwa, shi ke yi ya manta. Da zargin matar bai kai shi ko'ina ba, sai ya koma kan Norbert. Ya tare shi a gidan mai, a gaban mutane.

"In rabonka kake so ka zo ta ƙofa, ka bar hawa mini rufi kamar mage."

"Ni? Da wannan gwiwar?" in ji Norbert. "Yaya, ko kyauta ka ba ni wannan gwangwanin ba na so. Ka je ka binciki gidanka."

Gidan ya zama ba daɗi. Ana cin abinci kowa na satar kallon kowa. Jolene ce kaɗai ba a zarga, ita ce kuma ta fara canjawa. Ta rage magana, ta daina cin abinci sai ta tsakura. Uwar ta lura in an kira ta ba ta amsawa da baki, sai ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu da ɗan yatsa.

Wata magariba Alvin ya kashe injin iska, ya ce wa Jolene ta fito an tashi. Shiru. Ya leƙa da tocila, bai gan ta inda ya bar ta ba. Ta kutsa can cikin wutsiya, wurin da ko ɗan akuya zai sha wuya, ta naɗe jikinta, idanunta a buɗe ba ƙiftawa. Da ƙyar suka jawo ta da ƙafa, shi da Darlene. Suna sakinta ta miƙe, ta haye jirgin, ta zauna a kujerar dama, ta ɗora hannuwa a cinya. Murya ta fito daga bakinta, busasshiya, mai amo kamar ana magana cikin bututu.

"Wurina ne."

An kai ta asibitin gunduma, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Suna dawowa gida ta wuce rumfa ta koma kujerar. Kwanaki tana nan, ba ci ba sha sai ɗan ruwan da uwar ke ɗura mata, tana ramewa a kan idonsu. Tsoro ya kama Alvin irin wanda bai taɓa ji ba. A nan ne Darlene ta ɗauki makullin mota ba tare da ta nemi shawararsa ba, ta tafi gidan tsofaffin limaman coci ta ɗauko Fada Cyprian.

Tsoho ne tukuf, ya yi karatu mai zurfi, ya yi shekaru a ƙasashen da ba a yi wa irin wannan abu dariya. Ya iso rana na gab da faɗuwa, da sanda da ƙaramin littafi da kwalbar ruwan albarka. Bai kalli yarinyar ba tukuna. Ya zagaya jirgin a hankali yana shafa layukan ƙusa da yatsa, ya tambayi wa ya riƙe ƙarfe a nan, wa ya riƙe a can. Alvin yana amsawa, Norbert, Norbert, Jolene. Da suka iso wutsiya sai amsar ta maƙale masa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Fada ya dube shi ta saman tabarau, bai matsa ba, ya ja kujera ya zauna a gaban Jolene.

Ya yi karatu mai tsawo da murya ƙasa-ƙasa. Duhu ya fara shigowa ta ƙofa, kwanon rumfa ya ɗauki ƙara kamar ana zuba tsakuwa. Da ya yayyafa mata ruwan, jikinta ya sandare, kanta ya juyo a hankali.

"Wane ne kai, kuma me ka zo nema wurin yarinyar nan?" in ji Fada.

"Ban zo ba. Nan aka same ni. Tun akwatunan suna ƙulle nake rumfar nan, ba ruwana da kowa. Tambayi mai gidan wa ya kira ni aiki."

Aljanin ya ba da labarin, Alvin yana tsaye kansa a ƙasa. Ranar da Norbert ya yi fushi ya tafi, saura wutsiya ba a ɗinke ba. Alvin, cikin zafin rai, ya ɗora bindiga a kan ƙusa ya ce da ƙarfi, ko shaiɗan ne ya riƙe masa zai gama jirgin nan. Ya danna. Ya ji an tokare daga ciki, sannan aka ƙwanƙwasa sau biyu. Ya san babu kowa a ciki. Bai leƙa ba, ya ɗauki ƙusa ta gaba, haka har wutsiyar ta ƙare. Sai da ya gama tsoro ya zo masa, ya ja tamfol, ya bar gari yana cewa kuɗi ne suka tsayar da aikin.

Darlene ta juyo ta dubi mijinta. Wannan ne mutumin da ya yi makonni yana duba mata takalma.

"Na riƙe ƙarfe," in ji muryar. "Al'adarku ce, ba tawa ba. Kujerar tawa ce, ya ɗauka ya ba wata. To na shiga wadda aka ba, mu hau tare."

Fada ya murza sandarsa. Sannan ya tambaya, kamar mai cinikin saniya, ko aikin da aka yi mai kyau ne, tunda lada sai da aiki. Duk ƙusoshin sun zauna daidai?

Bakin Jolene ya buɗe da wata dariya marar daɗi. "Ina na sani? Na ga in na buga biyu yana jin daɗi, sai na yi ta buga biyu."

Alvin ya dafa fiffike. Wannan wutsiyar ce ya ƙi buɗewa don kada lissafi ya ƙaru, kuma a gabanta ya yi niyyar zaunar da 'yarsa ya kai ta sama.

Daga nan aka shiga ciniki. Fada ya ce wanda ya yi algus ba shi da kujera. Aljanin ya ce a bar masa jirgin duka. Fada ya buɗe littafi ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya hau rawa, muryar ta ce a tsaya, a tsaya, a bar masa rumfar. Fada ya ce rumfa ta masu gida ce.

Sannan ya ƙara da cewa, "Abin da hannunka ya taɓa shi ne naka. Wutsiya. Za a kai maka ita tsohon kangon da ke ƙarshen gonarsu, inda ba mai zuwa. Ka fita daga yarinyar nan, kada ka ƙara waiwayar gidan."

Muryar ta ce, "Sai dai mai gidan ya faɗa da bakinsa. Shi ya kira ni."

Kowa ya dubi Alvin. Ya san sabuwar wutsiya da kuɗin kawo ta za su cinye abin da ya tara na inji, kuma a shekarunsa ba lallai ya sake tara wani ba. Ban ce bai ji zafin abin ba, don na san shi. Amma bai ɗauki fensir ba. Ya ce ya ba aljanin wutsiyar halak malak, ya sallame shi daga aiki, ya sakar masa 'yarsa.

Jifan kan kwano ya tsaya cak. Jolene ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kujerar. Da ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji," da muryarta ta ainihi, Darlene ta rungume ta tana kuka.

Washegari Norbert ya zo da tirela ba tare da an roƙe shi ba. Suka kwance wutsiyar suka kai kango, suka ajiye, suka juyo ba wanda ya waiwaya. Masu wucewa ta can da magariba sun ce sukan ji ana ƙwanƙwasa, biyu-biyu. Jolene ta koma makaranta, ba ta ƙara taka rumfar ba. Darlene kuwa ta yi wata guda ba ta yi wa mijinta magana sai ta dole, kuma ni ban ga laifinta ba. An gyara rufin gida kafin sanyi.

Da bazara sabon akwati ya iso. Inji babu ranarsa, amma Alvin ya ce zai ɗinke wutsiyar ko da jirgin zai ƙare a rumfa. Sai dai babu mai riƙe ƙarfe, gwiwar Norbert ba ta lanƙwasuwa. Yana tsaye yana kallon aikin da hantsi, sai ga Darlene ta shigo da tsohon wandon aikinsa a jikinta, ta miƙa hannu ya ba ta dunƙulen. Ta kutsa ciki tana mita, tana cewa wanda ya tsara wurin nan bai taɓa ganin macen da ta haihu ba.

Alvin ya sa ƙusa, ya ɗora bindiga, ya danna. Ƙarar ta mutu. Ya tsaya bai numfasa ba, yana jiran abin da zai fito daga ciki. Aka ƙwanƙwasa sau ɗaya, aka ƙara na biyu, gumi ya karyo masa. Sai na uku ya biyo baya, da ƙarfi, har alminiyom ɗin ya amsa.

"Ta karkace," in ji Darlene daga ciki. "Cire ta ka sake. Kuma kada ka yi mini gardama."

Alvin ya jingina goshinsa da jikin jirgin, hawaye na zubo masa yana dariya, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko abin cire ƙusa.