Muryar Inna a Cikin Tsohuwar Fijo

Akwai wani yaro a Kankiya, ɗan aji biyar. Mahaifinsa, Malam Ɗalha, direba ne. Yana jigilar mutane tsakanin Kankiya da Kusada da wata tsohuwar Fijo.

Rediyon motar irin na da ne, mai cin kaset. A cikinsa akwai wani kaset da ya maƙale tun da daɗewa. Yana yi, amma ba ya fita.

Muryar mahaifiyar Malam Ɗalha ce a ciki, Inna Maimunatu. A zamanin da babu waya, in mutum ya yi nisa, magana ake ɗauka a kaset a aika masa. Inna ta aika wannan ne sa'ad da Ɗalha yake yaron mota a Ikko. Ta rasu kafin a haifi yaron. Ko hotonta babu. Muryar nan kaɗai ta rage.

Kowace safiya, kafin fasinja su shigo, sai Malam Ɗalha ya kunna.

"Ɗalha, kana cin abinci kuwa? An yi ruwa, geronmu ya yi kyau."

Wata rana a makaranta, abokinsa Sagir ya yi masa ba'a.

"Har yanzu kaset kuke ji? Motarku ta girmi hedimasta!"

Sai ya zaro wani abu daga jaka.

"Ka gani? Siffar kaset gare shi, amma bulutut ne a ciki. Ka zura a rediyo, waya ta haɗu da mota ba igiya. Ko kira aka yi, a sifika za a ji. Na ara maka."

Yaron ya yi murna. Ya ce a ransa, Baba zai daina riƙe waya yana tuƙi.

Da la'asar Malam Ɗalha ya tafi ta'aziyya a ƙafa. Yaron ya ɗauko makulli ya shiga mota. Ya danna maɓalli, tsohon kaset ya ƙi fita. Ya kawo cokali, ya cusa, ya ɓanɓara da ƙarfi.

Ƙas!

Kaset ya fito. Baƙin zarensa ya biyo shi, ya cukurkuɗe, ya tsinke.

A haka mahaifinsa ya same shi.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba. So na yi ka ji daɗi."

"Mi ya hana ka tambaye ni?"

Malam Ɗalha bai doke shi ba. Ya cire hularsa, ya tattara zaren a ciki a hankali, ya shige gida.

Tun daga ranar motar ta yi shiru. Da safe Malam Ɗalha yakan kai hannu ga rediyo, sai ya tuna, ya janye. Ya daina raha da fasinja. Yaron ya ga da ma dukansa aka yi.

Ya roƙi mahaifinsa kaset ɗin, ya kai wa mai gyaran rediyo a kasuwa.

"Wa ke gyaran kaset yanzu, yaro? Jefar da shi."

Ya dawo gida yana kuka. Tuwo ma ya kasa ci.

Ran Asabar ya bi mahaifinsa Kusada, gidan Gwaggo Ummusalma, yayar Malam Ɗalha. Ya durƙusa gabanta ya faɗi abin da ya yi.

"Kai, ɗan nan! Cokali aka ce maka maganin komai ne? Miƙo in gani."

Ta sa reza ta yanke inda ya lalace. Ta haɗa bakin zaren biyu da jan farce. Ta zura biro a ramin kaset, ta ce, "Kai ka warware, kai za ka naɗe. A hankali!"

Ya naɗe a hankali. Ta jawo tsohon rediyonta daga ƙarƙashin gado, aka sa batir, aka zura kaset ɗin.

"Ɗalha, kana cin abinci kuwa?"

Malam Ɗalha ya rufe fuska da hannu. Amma can ƙarshe, inda Inna take addu'a, maganar ta yi tsalle. Wurin da aka yanke ke nan.

"Addu'ar ta tahi," in ji shi.

Gwaggo ta ce, "Ina ta tahi? Ba ni na danna mata rediyon ba ran da aka ɗauki maganar? Na haddace ta. Ɗan nan, kunna wayar ubanka."

Yaron ya dubi mahaifinsa. "Baba, in kunna?"

"Kunna."

Aka ɗauki muryar Inna a waya. Da aka zo wurin yankan, Gwaggo ta cike: "Allah ya tsare min kai a hanya, ya maido min da kai gida lafiya."

Da za su koma Kankiya, Malam Ɗalha da kansa ya zura abin Sagir a rediyo. Muryar Inna ta cika mota, ta Gwaggo ta biyo baya. Ya dafa kan ɗansa, ya yi murmushi.

"Niyyarka mai kyau ce. Amma wani abin, in ya tsinke, ba duka yake dawowa ba."

Yara, kada ku taɓa abin da ba naku ba sai kun tambaya. Abin da kuke gani tsoho, wataƙila shi ne mafi daraja a wurin mai shi.