Tawadar da ke Ƙarƙashin Lalle

"Ba zan bi ka Berberati ba."

Hureira ta faɗi haka ne tana shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ko kallonsa ba ta yi ba. Nata'ala ya tsaya riƙe da kekensa, baki buɗe. Jiya-jiyan nan kawunsa ya damƙa masa kantin atamfa a can, ya taho tun daga unguwar Kokoro yana ta buga ƙararrawa don ya yi mata albishir aurensu ya matso, ga abin da ya tarar.

"Haba sanyin idona... laifin me na yi?"

"Ba ka yi komai ba."

"To mene ne?"

Ta ci gaba da gyara tabarmar. Tana son sa ƙwarai, irin son da in ta ji ƙarar kekensa sai tuwo ya ƙone. Amma sirrin ba nata ba ne.

Duk Alhamis bayan la'asar, gidan mahaifinta Malam Dabo a unguwar Kilomita Biyar cika yake maƙil. A karanta Dala'ilu, a taɓa hirar addini, sannan a wanke rubutun allo marasa lafiya su sha. Har matan unguwar Miskine masu zuwa coci sukan zo da kwalabensu, su karɓa suna godiya da yaren Sango. Sai dai shekara biyu ke nan idon Malam ya raunana. Yana ganin mutum dishi-dishi, amma baƙaƙen rubutu sun ɓace masa. Hureira ce ke rubutun a ƙuryar ɗaki, yana faɗa tana rubutawa, ta gama ta rufe tawadar yatsunta da lalle. In ta tafi, asirin tsoho ya tonu.

Ta manta cewa wanda ido ya bari, kunnensa kan ƙara kaifi. Malam yana bayan zana, ya ji komai.

Da aka shafa fatihar karatun wannan Alhamis, Hureira ta fito da alluna kamar kullum. Malam ya ɗaga hannu, ya ce a dakata.

"Jama'a, ku yafe mini. Shekara biyu ban rubuta ko alif ba. Hannun Hureira kuke sha. Girman kai ya hana ni faɗa, har ga shi yana neman hana ɗiyata aure."

Hureira ta runtse ido tana jiran ta ji ana kaɗe takalma ana fita.

Sai ta ji dariya daga ɓangaren mata. Inna Kubura ce, mahaifiyar Nata'ala, wadda ciwon ƙafa ya fara kawo ta gidan tun bara.

"Allah ya gafarta Malam, ai mu mata mun daɗe da sani! Wace budurwa ce ke ƙunshin yatsu uku kacal, kuma a hannun dama?"

Wuri ya ɗauki shewa. Wani mahauci ya ce shi ma ya lura tun da rubutun ya daina karkacewa. Ashe kowa ya yi gum ne don ya rufa wa Malam asiri, kowa kuma yana zaton shi kaɗai ya gano. Inna Kubura ta ƙara da cewa ayar Allah suke sha, ba hannu ba, kuma ƙafarta ga ta nan garau, har ta miƙe ta taka don a gani.

Malam ya yi dariya har da hawaye. Ya ce daga yau tofi zai riƙa yi musu, tun da karatun yana kansa. Nata'ala kuwa, in da gaske yake, kawunsa ya zo gobe bayan Juma'a. Nata'ala ya zabura zai yi godiya, ya yi tuntuɓe da buta, aka sake kwashewa da dariya.

Murna ta cika Hureira. Can Malam ya laluba aljihu ya ciro alƙalaminsa na kara, wanda ya taho da shi daga Katsina tun yana saurayi.

"Karɓi, uwata. Berberati ma akwai marasa lafiya."

Ya miƙa shi gefen hagu, inda babu kowa. Hureira ta zagaya a hankali ta durƙusa daidai inda hannun yake, ta karɓa da hannu biyu, hawayenta na ɗiga a kan yatsunsa.