Teburin Bahaguwa

Akwai waɗanda za su musa idan aka ce Malama Husaina Garba, wadda ake kwatance da kyawun rubutunta a makarantun Badarawa, ta kai shekara goma sha tara ba mai iya karanta abin da ta rubuta a aji. Amma haka lamarin yake.

A 1986 ne, zamanin da saurayi kan zo zance a kan babur ɗin Besfa, ya kafe ta a gindin mangwaro ya aika da sallama. Husaina na ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai mata. Shan inna ya taɓa hannunta na dama tun tana goye, yatsun ba sa riƙe biro da kyau. Mahaifinta, Malam Garba, malamin allo ne, kuma dokarsa ɗaya ce: alƙalami da dama ake riƙe shi. Saboda haka a aji da wannan hannun take fama, ƙararrawa ta kaɗa ba ta cika shafi ba.

Ana saura wata biyu jarrabawa, Madam Rifkatu Bulus, mataimakiyar firinsifal, ta ba ta fom ta kai gida, a zaɓi taimakon da za a nema mata: mai rubuta mata, ko ɗaki daban, ko ƙarin lokaci.

Da la'asar Yahaya, malamin firamaren da ke neman aurenta, ya karɓi fom ɗin a zaure, ya zaro biro yana murmushi.

"Ai wannan mai sauƙi ne! Mai rubutawa za mu zaɓa. A nemo ƙawar nan taki da ke rubuta miki wasiƙun da kike aiko mini — wallahi rubutunta kamar na injin!"

Husaina ta dube shi, idonta ya ciko.

"Malam, shekara biyu kana karanta wasiƙuna, ba ka taɓa tambaya ba? Ni nake rubutawa. Da hagu, a ɗaki, in na rufe ƙofa."

Biro ya tsaya a hannunsa. "Ke? To me ya hana a aji?"

"Baba."

Kunya ta rufe Yahaya. Ya miƙa mata fom ɗin da hannu biyu. "Ki yafe mini. Me kike so?"

"A bar ni da haguna. A ba ni tebur ni kaɗai, don a benci gwiwar hannuna za ta riƙa karo da ta maƙwabciyata. Sai ƙarin rabin awa."

Shi ya kai maganar gaban Malam Garba, ya durƙusa ya ajiye wasiƙa ɗaya cikin waɗanda ta rubuta da hagu, bayan ya zaɓi wadda ba ta da kalaman da za su ba shi kunya. Tsohon ya daɗe yana duban layukan, sannan ya share ido da gefen rawani.

"Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, ni na ɗora. Kawo fom ɗin in sa hannu."

Sai dai a Unguwar Shanu wuta ta tashi. Hajiya Asabe, mahaifiyar Yahaya, ta tafa hannu.

"Tebur daban a gaban 'yan mata ɗari biyu? Da can mayafi na rufe hannun, yanzu a yi shela cewa ɗana musakiya zai aura, kuma bahaguwa? Ta zauna kamar kowa, ko a maido mana kayanmu!"

Yahaya ya ce, "Haba Hajiya, in ta zauna kamar kowa faɗuwa za ta yi!"

"To ta faɗi! Satifiket za ta dafa maka?"

Husaina ta yi kuka kwana uku, a na huɗu ta mayar wa Madam Rifkatu da fom a cike. Ranar jarrabawa ta zauna a teburinta kusa da taga, ta naɗe mayafi, ta rubuta har ta nemi ƙarin takarda. Ta ci. Aka mayar wa Hajiya Asabe da kayan. Yahaya bai ƙara yi wa uwarsa musu ba, bai kuma kalli wata ba.

Bayan shekara biyu matan unguwa suka ja Hajiya Asabe ajin yaƙi da jahilci. Malamar da aka turo musu Husaina ce. Hajiya ta sunkuyar da kai, idonta ba ya hango allo. Husaina ta matso mata da kujera gaba, ta ɗora hagunta a kan damar tsohuwar.

"Inna, nan ya fi miki, ko kusa da taga?"

Ranar da Hajiya ta rubuta sunanta da kanta, ta ce da ɗanta, "A mayar da kayan nan gidan su Husaina a Badarawa. Ni zan kai."

'Yan mata, ku riƙe wannan: mai sonki da gaskiya zai tambaye ki abin da kike buƙata, kuma ya iya jira; iyaye kuma su daina ɓoye lalurar ɗa da sunan kare mutunci. Wanda ke shakka ya je Kurmin Mashi ya tambayi Madam Rifkatu Bulus. Ita da kanta ta ɗauko teburin nan daga ofishinta.