Zaren Baƙo

A can zamanin da, a wani garin mahauta, an yi wani shago, gwanin dambe, wanda bai taɓa dafa ƙasa ba. Kowace kaka ta zo, shi ke yin kisa.

Wata shekara wani baƙo ya shigo fage ya neme shi. Suka yi turmin farko, babu kisa. Suka yi na biyu, babu kisa. A na uku sai zaren hannun baƙon ya warware, ya taka shi, ya faɗi.

Sarkin Dambe ya ce, "Shago ya yi kisa."

Shago ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa shi ba. Zarensa ne ya kayar da shi."

Ya kama hannun baƙon ya naɗe masa tam, kamar yadda yake naɗe nasa. Suka koma fage. Baƙo ya kai masa naushi ɗaya, shago ya sha ƙasa.

Yau babu mai tuna sunan baƙon. Amma har yanzu a garin, in zaren ɗan dambe ya warware, abokin karawarsa ke naɗe masa, makaɗa kuma su ɗauki kirarin shago.