Maimuna Mai Gato Da Alhajin Waya

Ranar da Maimuna ta fara ganin Hamisu, tana tsaye ne a ƙofar gidansu a unguwar Birni ta Damagaram, rungume da kwalin gato, wato kek, mai hawa uku, zufa na bin bayanta. Rana ta take, furannin kirem da ta sha wahalar zanawa sun fara laushi. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur sai su tsaya, su dubi kwalin, su girgiza kai su wuce.

Hamisu ne ya kashe moto ya sauko. Dogo ne, baƙi, mai wushirya.

"Hajiya, amarya ce a ciki kike riƙe da shi haka?"

"Ya fi amarya daraja. In ka faɗa rami da shi, ni da kai sai kumisariya, gaban polis."

Ya yi dariya ya ce ta hau. Tafiyar da ya yi da ita, har amalanken jaki sai da ya wuce su, amma suka isa gidan bikin ko fure ɗaya bai goce ba. Da za ta sauka ta karɓi lambarsa, ta ce saboda aiki. Ya ce ya ji, saboda aiki.

Hamisu ɗan Gidimuni ne. Da damina yana gonar geron mahaifinsa da lambunsu na bakin tafki, da rani yana Damagaram kan moto. Ita kuwa ɗiyar Alhaji Mai Nasara ce, Babarbare mai shagon atamfofi. Gato take yi a tsakar gida, ta sa hotonsa a WhatsApp, a kira ta a ba da komand, wato a sa ta yi wa mutum nasa. Ba a daɗe ba Hamisu ya zama mai kai mata kaya, har ta haɗa shi da ƙawayenta masu sana'ar, Fati da Zainaba.

Aiki dai ya zarce aiki. Wata rana da la'asar mesaj ya shigo mata.

"Zumata, na kai lafiya. Mutanen suna sun ce hannunki na daban ne. Na ce musu na riga su sani."

Ta ɓoye murmushinta a gefen mayafi ta rubuta.

"Ɗan Gidimuni, bakinka ya fi kirem zaƙi. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci. Ganinki ne ban ƙoshi da shi ba."

Da maganar ta kai kunnen Alhaji, bai ɗaga murya ba. Kiranta ya yi falo.

"Maimuna, ba zan zaɓa miki miji ba, ke ba yarinya ba ce. Amma mutumin da ban san asalinsa ba, wanda dukiyarsa duka moto ce, ba da bakina ba. Ga Abdulaziz nan, ɗan aminina, yana ta zarya."

"Baba, Hamisu mutumin kirki ne."

"Kowa mutumin kirki ne a bakin ƙofa."

Abdulaziz yana da shagon wayoyi, yana da mota, yana kuma da tabbacin cewa ba macen da za ta ƙi shi. Da Maimuna ta faɗa masa gaskiya, ya kaɗa makullin motarsa ya ce, "Saboda ɗan kabu-kabu? To, mu zuba ido."

A cikin wannan yanayi ne masifar ta fara.

Wani mutum ya kira Fati, murya mai kauri, ya ce shi Alhaji ne, zai aurar da ɗiya, yana son babban gato cikin gaggawa. Bai tambayi launi ba, bai nemi ragi ba. Jim kaɗan mesaj ya shigo mata wai kuɗi sun shiga, sai ya sake kira yana salati, wai yaron shagonsa ya tura fiye da ƙima, don Allah ta riƙo masa rarar a hannu in za ta kawo gaton. Ya kwatanta mata wani gida a bayan gari. Ranar Hamisu ya yi nisa da wani fasinja, sai ta hau moton wani, ya sauke ta ya tafi.

Kango ta tarar. Mutum biyu suka fito daga bayan bango. Ɗaya ya shaƙe ta da mayafinta, ɗaya ya fizge jaka. Da ta riƙe waya ta ƙi saki, suka maka mata gora a hannu har ƙashi ya karye. Mesaj ɗin kuɗin ma na bogi ne.

Ba a gama jimami ba aka yi wa Zainaba irinsa, ita har da yanka a kumatu.

Maimuna ta je duba Fati ta tarar da ɗaki cike da mata, Abdulaziz kuwa yana zaure tare da yayyen Fati. Muryarsa ta ji a fili.

"Ku yi tunani mana. Wa ya san lambobinsu duka? Wa ya san ranar da suke da kuɗi? Kuma me ya sa kullum ranar da abin zai faru ba ya kusa?"

Ta gane da Hamisu yake. Ta so ta fita ta ƙaryata shi, amma ba ta fita ba, don tambayar ta shige ta. Da ta koma gida Hamisu ya yi ta kira ba ta ɗauka ba. Daga ƙarshe ta rubuta masa.

"Ka dakata da zuwa gidanmu. Ina son in yi tunani."

"Zumata, har da ke?"

Ba ta ba shi amsa ba.

Washegari da hantsi yayyen Fati da abokansu suka tarar da Hamisu a inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Ba su tambaye shi komai ba. Suka jawo shi daga kan moto, wani ya kwaɗa masa sarƙa a ka, jini ya rufe masa ido. Ya faɗi suka bi shi da ƙafa, suna ihun ɓarawo. Mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka shigo da duwatsu. Wani har ya kwance murfin tankin motonsa yana neman ashana. Wani tsoho mai sayar da goro ne ya kwanta a kansa yana rantsuwa sai dai a kashe su tare, har polis suka iso.

Labarin ya sami Maimuna tana kaɗa ƙwai. Kwanon ya suɓuce ya tarwatse. Ko takalmi ba ta daidaita ba ta nufi gidan likita.

Da ƙyar ta gane shi. Kai a naɗe, leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe. Ta durƙusa gefen gadon tana kuka.

"Hamisu, ka yafe mini."

Ya juyar da fuska ga bango.

"Dukan nan zai warke, Maimuna. Shirun da kika yi mini ne ban san maganinsa ba."

Ta fito tana jan ƙafa. Kwanaki suka wuce ba ta kunna murhu ba, shi kuma ko da aka sallame shi bai neme ta ba.

Sai ga kira wata safiya, baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum. Hajiya Maimuna mai gato? Alhaji ne. Na ga aikinki a WhatsApp, ɗiyata zan aurar."

Ta gane ko wane ne, amma ta yi masa magana mai daɗi. Mesaj ɗin bogi ya shigo, kiran salati ya biyo baya, komai kamar yadda Fati ta faɗa. Wurin da ya kwatanta yana kan hanyar Mirya.

Ba ta gaya wa Baba ba. Kumisariya ta wuce kai tsaye. Aka shirya polis cikin farin kaya za su riga ta zuwa su laɓe. Ranar, kafin ta fita, ta rubuta wa Hamisu.

"Sun kira ni. Zan tafi hanyar Mirya da azahar, polis na wurin. Ban wanke ka da bakina ba, zan wanke ka da ƙafata. In wani abu ya same ni, ka sani kai kaɗai na so."

Abin da ba a lissafa ba shi ne ɓarayin ba su jira a wurin da suka kwatanta ba. Tun kafin a kai, inda gidaje suka ƙare, moto ɗauke da mutum biyu ya sha gabansu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ta ya ga adda a hannun ɗayansu, ya watsar da Maimuna ya juya a guje. Ta faɗi kan tsakuwa, gwiwarta ta ɓare, gato ya tarwatse.

"Jaka!" In ji mai addar. Muryar Alhajin waya ce, a bakin wani ƙaton saurayi.

Ɗayan ya damƙi gashinta ta cikin ɗankwali ya wanka mata mari har ta ga duhu. Hannunta ya laluba ya sami katakon da take ɗora gato a kai. Da iya ƙarfinta ta rafka masa a hanci. Ya sake ta yana ihu, jini da kirem sun cakuɗe a fuskarsa.

Mai addar ya ɗaga hannu. Ta rufe ido.

Ƙarar moto ta ji, sannan ƙarar karo. Hamisu ne, da bandejinsa a ka, ya afka wa mutumin da moton aro, suka zube tare. Suka yi ta birgima cikin ƙasa. Addar ta sauka a damtsen Hamisu ta buɗe shi, amma bai saki wuyan rigar ƙaton ba. Yana ta faɗi, "Gudu, Maimuna! Gudu!"

Ba ta gudu ba. Dutse ta ɗauka ta buga wa hannun da ke riƙe da addar, ta sake bugawa, har yatsun suka buɗe. Haka polis da suka jiyo ihun suka iso suka same su: ita tana danne raunin Hamisu da mayafinta, shi yana danne da ɓarawo.

A kumisariya mutanen suka amsa laifinsu. Ba su taɓa jin sunan Hamisu ba. Lambobin matan daga tallan da suke yi da kansu suka kwashe su.

Da yamma Alhaji Mai Nasara ya shiga ɗakin da aka kwantar da Hamisu. Ya daɗe tsaye yana kallon ɗinkin da ke damtsensa, sannan ya cire hula ya zauna a bakin gado.

"Wushe, yarona. Sannu. Na ce ban san asalinka ba. Yau na gani. Ka aika Gidimuni, magabatanka su zo."

Yayyen Fati suka zo suka durƙusa, suka ɗauki nauyin gyaran motonsa. Abdulaziz kuwa, Alhaji ya aika wa mahaifinsa cewa kada ɗansa ya sake taka masa zaure.

Da ɗakin ya rage su biyu, Maimuna ta kasa ɗaga kai.

"Har yanzu kana fushi da ni?"

"Na yi ƙoƙari, Zumata. Da na karanta mesaj ɗinki na nemi fushin na rasa inda na ajiye shi."

Ta yi dariya cikin hawaye. "Daga yau ko duk Damagaram ta taru a kanka, ina bayanka."

"A'a, ki tsaya a gabana. Na ga yadda kike riƙe dutse."

Bayan kaka, da aka shigar da gero rumbu, aka ɗaura aurensu a ƙofar gidan Alhaji. Mutanen Gidimuni suka cika motoci, da rake da dabino na lambunsu. Dangin amarya suka yi shagalin wushe-wushe irin na Barebari, Zainaba ta shiga fili ta taka rawa ba ta rufe tabon kumatunta ba.

Da za a fita da amarya, Alhaji ya kama hannunta ya sa cikin hannun mahaifin Hamisu.

"Ga amana. Allah ya zaunar da su lafiya, ya tsare su daga sharrin baki da sharrin hannu, ya ba su zuriya mai albarka."

Gida ya amsa da amin. Maimuna ta leƙo ta ƙarƙashin lulluɓi, ta hango angonta a bakin ƙofa yana share ido da hannun babbar riga.