Allurar Hindatu

Saura kamar rabin awa a kira magariba aka shigo da Iklima a kan babur, mijinta Jaɓɓo na tallafe da ita ta baya. Daga wata ruga kusa da Lafani suka fito. Tun hantsi kububuwa ta sare ta a idon sawu tana yankan ciyawa a gindin gero, aka ɓata yini ana shafa mata saiwa.

Shafa'atu ce nas ɗin da ke bakin aiki a ƙaramin asibitin da ke gefen Illela. Likita ya tafi Sakkwato tun safe. Ta kwantar da matar a gado na uku, ta ɗaga leɓenta. Jini na tsattsafowa daga dasashi.

"Likita, za ta tashi?" in ji Jaɓɓo.

"Baffa, rai na Allah ne. Kwance tsumman ga da anka ɗaure saran da shi, ka riƙe mata ƙafa kar ta motsa."

Ta buɗe kabad ɗin ɗakin. Auduga, bandeji, maganin zazzaɓi. Babu allurar dafin maciji. Ta kira Lawwali, mai kula da sito, a waya.

"Sista, ina Konni hwa," ya ce, ana jin hayaniyar 'yan canji a bayansa. "Allurar maciji? Babu."

"An kawo kaya watan jiya. Da idona na ga ana saukewa."

"An kawo, anka zuba. Wa ya san mi ke ciki? In kin tono ta cikin tulin can, na ba ki mashin ɗina kyauta." Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "Makulli na bisa ƙusa, bayan ƙofar ofis. Amma ni dai ba ni shiga wurin nan da magariba."

"Don mi?"

Layi ya katse.

Ya kamata a san yadda wannan sito yake, don a nan laifin ya faro. Ko mai tireda a bakin boda ya san ana jawo tsohon kaya gaba, a tura sabo baya. Lawwali kuwa duk abin da mota ta kawo, jibga shi yake a kan wanda ya tarar. Ba kanta, ba rubutu a jikin bango, ba a ware ruwan ƙari daga safar hannu ba. Katakon da aka kawo don a kafa kantoci, shekara huɗu ke nan gara na cin sa a bayan ɗaki. In aka tambaye shi abu, sai ya leƙa saman tuli. In bai gani ba, ya ce babu. Kuma kowa ya saba ya karɓi babun nan ya wuce da ita gaba.

Shafa'atu ta ɗauki makulli ta zagaya baya. Sito tsohon gini ne shi kaɗai, can bayan dogon yaro. Hadari ya haɗu a gabas, iska na kawo ƙamshin ƙasa. Ta yi bisimilla ta tura ƙofa.

Zafi ya buge ta, da warin kwalin da ya sha danshi. Ba wuta. Ta kunna fitilar waya. Kwalaye sun kai silin, an bar 'yar siririyar hanya a tsakiya, daidai faɗin mutum ɗaya.

Ta fara da na bakin ƙofa. Sirinji. Ta ture. Gidan sauro. Ta ture. Safar hannu, kwali bakwai a jere, alhali wata biyu ke nan ana ce musu babu. Ta ƙara shiga ciki. Gumi na ɗiga daga haɓarta.

A lokacin ta ji motsi a ɗaya gefen tulin.

Ta ce a ranta ɓera ne. Ta ci gaba.

Sai ta ji ana ɓare gam ɗin bakin kwali. A hankali. Tun daga wannan gefe har wancan. Aka buɗe murfi, aka lalubi ciki, aka rufe, aka ajiye.

Ɓera ba ya rufe kwali.

"Wa ke nan?"

Sai wata murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da bakin da ya cika da ruwa:

"Tana nan. Na san tana nan."

Warin wurin ya canza. Yanzu ƙarnin jini ne, da ɗacin dafaffen ganye.

Ƙofa na bayanta, taku goma. Ƙafafunta suka ce ta juya. Ta tuna dasashin Iklima. Ta matsa gaba, ta haska lungun ƙarshe.

Mace ce a tsugune, ta ba ta baya. Zanen gona a jikinta, duk jar ƙasa. Hannunta na dama ya kumbura har kafaɗa, ya yi baƙi yana sheƙi.

Shafa'atu ta san hannun nan.

Hindatu ce, daga Darna Sabon Gari. Daminar bara waccan aka kawo ta, maciji ya sare ta wajen noman gyaɗa. A gado na uku ta kwanta. Shafa'atu ta tambayi Lawwali, ya ce babu, ita ma ta koma ta ce wa danginta babu, su wuce Sakkwato. Ba su kai Gwadabawa ba ta cika a cikin mota.

Matar ba ta juyo ba. Ta miƙo hannun hagu ta baya. Ƙananan kwalaye biyu ne a tafinta, kowanne da hoton maciji.

"Hoton na gane," ta ce. "Ban yi boko ba. Karanta mani, Malama."

Shafa'atu ta matso da fitilar. Ta sunkuya. Kwalin farko ya yi laushi, ya yi ɗigon funfuna. Ta karanta ranar da zai lalace. Ta lissafa a ranta, ta sake lissafawa. Wata biyar bayan rasuwar Hindatu.

"Wagga ta lalace," ta ce da ƙyar.

"Ran da anka kawo ni fa?"



"A ranar tana da kyau."

Wani abu ya ɗiga a kan siminti. Ɗis. Ɗis.

"Ɗayar fa?"

Na biyu sabo ne fil, irin na garin magani da ake haɗawa da ruwa, ba ya buƙatar firji. Sai baɗi zai lalace. Shafa'atu ta san in ta ce shi ma ya mutu, wataƙila a sake mata shi. Ƙaryar ta zo har bakinta. Ta kasa fita.

"Wagga ce mai rai."

"To yi mani."

Yatsu suka kama wuyan hannunta. Sanyinsu ya ratsa ƙashi.

"Kwalba biyu ce kacal a ciki," in ji Shafa'atu. "Akwai mace kwance a gado na uku."

"Gadona."

"Gadonki. Jini na fita bakinta. Tana da goyo."

Riƙon ya ƙara tsanani. Ta ji wani abu ya yi ƙas a cikin hannunta.

Wayar ta faɗi. Duhu.

Numfashi ya taɓa kunnenta, ba ɗumi a cikinsa.

"Ita kin zo kin duba mata."

"Na zo."

"Ni ba ki zo ba."

"Ban zo ba. An ce mani babu, na yarda. Taku hamsin ne daga gadonki zuwa nan, ban taka ba."



Can nesa, Jaɓɓo na ƙwala kira: "Likita! Likita!"

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗora mata kwali a tafi. Busasshe ne, mai kaifin gefe.

Sai sito ya ɗauki motsi.

Dama. Hagu. Sama. Ana ɓare gam, ana jan kwalaye.

"Malama, karanta mani."

Muryar tsoho ce.

"Ni ma, Malama."

Wannan ta mace ce, mai haki kamar mai naƙuda.

Wani abu ya ja gefen rigarta.

Ta zura da gudu. Tulin ya fara zubowa a bayanta. Kwalin ruwan ƙari ya daki kafaɗarta, ta faɗi, ta rarrafa. Tsagin ƙofa na ƙanƙancewa.

Ta cusa kafaɗa ta fita.

Ƙofar ta rufe da kanta. A hankali, kamar an rako baƙo.

Ana kiran salla, ruwa ya fara sauka. Da hannu ɗaya da haƙora ta haɗa allurar, ta zuba a ruwan ƙari, ta sa Jaɓɓo ya ɗaga ledar sama. Ya dubi wuyan hannun Shafa'atu da ya kumbura, da shatin yatsu huɗu, ya kau da kai yana salati. Bai tambaya ba. Kafin gari ya waye jinin dasashin Iklima ya tsaya.

Washegari da hantsi Shafa'atu ta tara ma'aikata, hannunta a ɗaure, ta sa aka fito da komai tsakar fili. Lawwali ya tsaya gefe yana cewa aikin ba na nas ba ne. Ba wanda ya tanka masa. Aka ware masu kyau, aka ware waɗanda suka lalace, kuma na biyun sun fi yawa. Allurar maciji kwalba goma sha huɗu. Allurar tsayar da jinin haihuwa kwali uku, ko buɗe su ba a yi ba. Duk sun mutu a ƙarƙashin gidan sauro.

Yanzu akwai kantoci. Wani kafinta daga cikin gari ya ceto abin da gara ta rage. Kowane kaya da mazauninsa da sunansa a rubuce, mai kusan lalacewa a gaba, na gaggawa a kanta ta farko daidai ido. Wannan ya yi. Amma gyaran kantoci ba ya wanke hakki. Har yau Lawwali ne ke riƙe da makulli. An rubuta wa hukuma sau biyu, ba ta ko amsa ba. Ba wanda ya taka zuwa Darna Sabon Gari ya gaya wa mutanen Hindatu gaskiya, balle sauran gidajen da aka sallama da hannu wofi. Lalatattun kwalayen na jibge a bayan sito, wai ana jiran izinin ƙonewa daga sama, kuma masu shara ba sa bi ta wurin in rana ta yi ja.

Ran da aka sallami Iklima, tana ɗaura goyonta, ta dubi Shafa'atu.

"Malama, ina abokiyar aikinki? Ina so in yi mata ban kwana."

"Wacce?"

"Wadda tab biyo ki ranar nan. Mai ciwon hannu. Ta zauna bakin gadona tana kallon ruwan ga na ɗiga, har ya ƙare."

Shafa'atu ta dafa ƙarfen gado.

"Ta yi magana?"

"Ta tambaye ni ko da zafi. Na ce a'a, ko kaɗan. Ta daɗe tana kallon ledar." Iklima ta gyara ɗaurin zanenta. "Sannan tac ce, ashe iyakar abin ke nan."