Idon da Obrad Ya Sayo

Ni na kai shi da motata, don haka kada wani ya ce ji na yi a bakin mutane. Sunana Gavra. Shekara talatin da ɗaya ina shimfiɗa tsofaffin littattafan zane da katunan 'yan ƙwallo a kasuwar gwanjo ta Novi Sad, teburin Obrad kuwa manne yake da nawa. Ni ne kum ɗinsa: ni na tsaya masa a coci ranar da ya auri Zorka, ni na riƙe 'yarsu Danica ranar da aka sa mata suna. A wurinmu wannan zumunci ya fi na jini nauyi.

Obrad yana da ido. Ka miƙa masa kati, ya karkata shi wajen rana, ya ce maka an taɓa bin sa da dutsen guga, ya ɗora farce daidai wurin. Bai taɓa kuskure ba, bai kuma taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ladansa kofin gahawa.

Sai sabon yayi ya shigo. Yanzu ba a sayen kati sai an kai shi wurin masu tantancewa sun ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, sun rufe shi cikin roba mai tauri da hatimi. Katin da ya ci goma yakan sayi mota, tagwayensa da ya ci bakwai ko tayarta ba zai saya ba. Obrad ya kama ɗaki, ya sayo injin rufe roba, ya kafa allo da sunansa. Wata takwas ba wanda ya tako. Mutanen da ya yi shekara ashirin yana duba wa kaya kyauta suka riƙa aika nasu ƙasar waje.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Ya tashi, ya zauna, ya kunna taba ya manta da ita, ya sake kunna wata.

"Kume, zauna mana, kana sa mini jiri," in ji ni.

"Yaran da ba su san warin tsohuwar takarda ba su ne masu ba da maki, ni kuwa ina nan ina korar ƙuda. Ka san hanyar ƙauyukan gabas?"

Na san abin da yake nufi. Wata mai sayar da cuku ta ba shi labarin Deda Paun, tsohon bokan da ke zaune a wani mataccen injin niƙa na ruwa a bayan duwatsu. Na ce ba ni zuwa. Ya ce to zai hau bas. Na ga gara in bi shi in ja masa birki. Haka na yaudari kaina.

Mun isa da tsakar rana a watan Agusta. Rafin da ke juya injin ya ƙafe ƙaƙaf, sai fararen duwatsu. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. A ciki akwai sanyi irin na kabari. An jera takalman matattu a jikin bango, kowane an cusa masa kyandir. Zaren ulu ja ya sarƙe rufin kamar yanar gizo, an rataye makullai da kitson gashin mata da busasshiyar ɗoɗɗoya. A tsakiya ga dutsen niƙa, an lulluɓe shi da fatar baƙin rago, ga kwanon jan ƙarfe cike da ruwa da wuƙa kwance a ciki.

Deda Paun ɗan ƙaramin tsoho ne mai tsabta, yana ɓare wake a cinyarsa. Bai ɗago ba.

"Wanne ne mai yunwar?"

"Ni ne, kaka," in ji Obrad.

"Me kake so?"

"In na ce goma, duniya ta ce goma."

"Ko da ba goma ba ce?"

"Ko da ba ita ba ce."

"To, aikin ido ne. In na gyara naka, duk wanda ya kalli abin da ka sa wa hatimi da idonka zai gani."

Obrad ya zaro ambulan na kuɗi. Tsohon ya ture shi da bayan hannu.

"Mayar da takardunka. Mutum nawa ke cin abinci a teburinka?"

"Huɗu, ban da ni."

"Kira su."

Na taka ƙafar Obrad. Ya janye ta. "Me za a yi da sunayensu, kaka?"

"Gidan da arziki zai shiga, ai sai an san masu gidan."

"Ba abin da zai same su?"

"Ni dai ba zan taɓa su ba." Ya nuna dutsen da haɓa. "Shi kuwa in ya fara juyawa sai an zuba masa hatsi. Ka ji, ko kana son ƙarin bayani? Tambayi, zan faɗa maka. Ƙofa ma ga ta nan a buɗe."

Wannan nake so ku riƙe. An ba shi damar tambaya. Ya yi shiru, ya dubi ƙofa, ya dubi kwanon ruwa, sai ya fara kira: uwarsa Stamena, ƙanensa Momir, Zorka, Danica. Kowane suna, tsohon ya jefa ƙwayar wake a ramin dutsen. Sannan ya danna kan Obrad cikin kwanon, ya ce ya buɗe ido a cikin ruwan, ya riƙa karanta wasu kalmomi da harshen mutanen dutse yana kaɗa wuƙar a bayan wuyansa. Na fita da gudu. Ina tsaye a bakin busasshen rafi na ji dutsen ya yi gurnani ya fara juyawa.

Kafin dusar ƙanƙara ta sauka, layi ake yi a ƙofar Obrad. Daga Zagreb ake zuwa, daga Viyana ake aiko kaya. Hatiminsa ya zama kamar hukuncin alƙali. Ya sayi gida mai hawa biyu a gangaren da ke kallon kogin Danube, ya saya wa Zorka rigar sanyi mai gashi, ranar bikin waliyyin gidansu aka gasa aladu uku.

Ga yadda ake yi. Ka kawo kayanka mai kyau, Obrad ya girgiza kai ya ba ka huɗu. Kana fitowa rai a ɓace sai ka ci karo da Momir, wanda ya buɗe shago a lungun baya da sunan wani. Ya saye a wulaƙance. A ɗakin ƙasa Momir zai datse gefe da reza, ya goge lanƙwasa, ya cike inda launi ya koɗe da alƙalami. Kayan ya koma teburin yayansa ya fito da goma. Mai ba da maki shi ne mai saye, shi ne mai sayarwa.

Wata gwauruwa, Malama Leposava, ta kawo fitowar farko ta wani littafin zane da mijinta ya adana shekara hamsin. Na san littafin, na san yana da tsaga a ƙasan bango tsawon farce. An ba ta uku. Bayan wata biyu na gan shi a tagar shagon Momir da goma a goshinsa. Na ɗauko shi na dire a gaban Obrad.

"Kume, ba ka jin kunya? Matar nan ta koyar da 'yarka karatu."

"Nuna mini tsagar," in ji shi, yana zagaya teburin.

Na duba. Na sa gilashin ƙara girma. Na san tana nan kamar yadda na san sunana, amma bangon sumul yake kamar yau aka buga shi.

"Ka gani? Ni ma ba na ganinta. Na daina ganin aibi, Gavra, ko a bango, ko a titi. Ba ka san daɗin hakan ba."

Yana faɗin daɗi, amma ƙafarsa rawa take, kuma tun dawowarmu ban taɓa ganin ya gama kofin gahawa a zaune ba.

Stamena ce ta fara. Tana murza ƙullun burodi ta kife a kan tebur, rai ya yi halinsa. Aka ce tsufa. Da bazara Momir ya je wanka a kogi da abokai, ruwa iya gwiwa, rana tsaka, mutane cike. Ya sunkuya kamar zai wanke fuska, bai ɗago ba. Waɗanda suka ciro shi sun ce sai da mutum huɗu suka ja, kamar an danne masa wuya.

Daga maƙabarta na tura Obrad cikin mota da baƙaƙen kayansa, ban tsaya ba sai bakin rafin nan. Deda Paun na zaune inda muka bar shi.

"Ka cuce ni, tsoho!" Obrad ya daka masa tsawa.

"Na ce ka tambaya. Ka tambaya?"

"Tsayar da shi."

"Ba ni ke sako masa ruwa ba, kai ne. Koma ka fasa robobin nan duka, ka tsaya a kasuwa ka faɗi abin da ka yi, ka mayar wa kowa nasa. Ranar zai tsaya. Biyun da suka rage su rayu."

"Su ɗaure ni ke nan. In koma ba ni da ko tebur."

"Ƙwarai."

A hanya na ce, "Gobe da safe zan zo da guduma." Ya daɗe yana murza zoben hannunsa.

"Akwai baje koli a Viyana watan Oktoba. Kayan Momir na nan jibge. In sayar da su, in ajiye wa Danica abin aure, sai in fasa sauran."

"Obrad, 'yarka ce fa."

"Don ita nake yi! Wata huɗu ne kawai. Dube ta mana, lafiyarta ƙalau."

Ba ƙalau take ba. Danica shekararta ashirin da huɗu, an sa bikinta da wani malamin makaranta bayan girbin inabi. Tun ranar jana'izar ta fara zubewa. Abinci ba ya zama, gashi na fita a mataji, wuyan hannunta ya koma kamar cokali. Likitoci suka yi ta gwaji ba su ga komai ba. Zorka ta durƙusa a gaban mijinta a tsakar falo, ina tsaye.

"Don girman Allah ka dubi yarinyar nan! Mutuwa take yi!"

Ya dubi Danica, ya kama kumatunta da babu komai sai ƙashi, ya yi wa Zorka murmushi. "Ke dai da tsoro. Ga kumatu jajur kamar tuffa. Zumuɗin aure ne."

"Baba, ba na iya hawa matakala," in ji Danica a hankali.

"Lalaci ne, 'yar baba. Zan kawo miki takalma daga Viyana."

Ba ƙarya yake ba. Abin da yake gani ke nan. Na je da gudumata sau biyu, ya sa masu gadi suka fitar da ni. Na gaya wa Zorka komai, ta tafi wurin limamin coci, aka yayyafa ruwa a kowane ɗaki. Da limamin ya tafi ta kama hannuna ta manna a bango. "Kana ji? Niƙa ake yi a ciki." Tun daga ranar ta shiga cire wayoyin wuta, tana kwance famfo, tana ɓarke bango da wuƙar kicin tana neman dutsen.

Danica ta rasu ranar Asabar da hantsi, ubanta na Viyana yana karɓar tafi. Ya dawo da takalman a kwali. Ya tsaya kan akwatin gawa yana ce wa mutane su yi magana a hankali, barci take. Zorka kuwa ba ta yi kuka ba. Ta fita ba takalmi ta miƙe titi, sai a bakin gada aka tsinto ta tana tauna ɗanyen wake. Har yau tana asibitin masu taɓin hankali, ba ta gane kowa.

Da hatsi ya ƙare, aikin ya karye. A mako guda masu kaya a gari biyar suka dubi robobinsu suka ga tsaga, suka ga tawada, suka ga gefen da aka datse. Aka yi ta fasa hatimi a gaban kyamara. Kotu ta ƙwace gidan da shagon, ta ba shi shekara uku a gidan yari.

Ranar da za a tafi da shi na kai masa jakar kaya. Saurayin Danica ya ba ni hoto in ba shi, wanda aka ɗauka kwana tara kafin rasuwarta, tana zaune a lambu Obrad na tsaye a bayanta yana dariya. Na miƙa masa. Ya karkata shi wajen taga.

Idonsa ya dawo. Na ga lokacin da ya gan ta: ramukan ido, leɓe a tsage, yatsun da ta riƙe hannun rigarsa da su.

"Haka take?" in ji shi da ƙyar. "Gavra, haka take a gabana?"

"Haka take, kume. Wata huɗu."

Ya kai farce ga idanunsa. Sai da gandirobobi uku suka danne shi, amma na hagun bai tsira ba.

To, kai mai ganin arzikinka ya yi jinkiri, ka ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya a yini ɗaya bai karɓi kuɗinka ba, ka tambaye shi da me za a biya, in kuwa ka ji kana tsoron amsar, tashi ka fita da talaucinka. Obrad ya san amsar tun kafin ya buɗe baki. Kwaɗayi bai rufe masa kunne ba, shi ya zaɓi ya yi shiru, kuma mutum huɗu da ba su san an je ko'ina ba su suka biya.